Wasan Sitiyarin Baba Habu

Tun da muka dawo daga Gumel ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a tashar Magariya ba. Wannan ya ce yaya Najeriya, wancan ya ce me na zo masa da shi, wani kuma ya zagaya ya zagaya, sannan ya sauke murya ya tambayi abin da ya kawo shi tun farko: me ya sa Baba Habu ne ya ja mota muka fita, ni kuma na jawo ta muka dawo? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Har na ji an ce wai ƙwace motar na yi. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da shi gaba ɗaya. Na nemi izinin Baba, ya ce in faɗi kome, in dai ban kira motarsa tsohuwa ba. To, Allah ya ba shi haƙuri, tsohuwa ce.

Ga wanda bai san mu ba, Baba Habu shi ya koya mini tuƙi, tun zamanin da yake jan gyaɗa zuwa Kano da babbar mota. Da ƙarfi ya fara raguwa sai ya bar wannan, ya sayi irin motar nan da muke kira mil-kilo, mai kama da akwati, yana kai mutane kasuwanni, yau Dungas, gobe Dogo-Dogo, jibi Sassumbrum. Ni na zauna a jan gyaɗa har fari ya zo ya kashe ta, ubangidana ya jingine mota, na koma zaman benci. Baba kuwa motar nan ce abincin gidansa, kuma ita ce sunansa. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa taka ko akuyar wani ba, kuma in ka zauna da shi sai ya tuna maka.

Aibin motar ɗaya ne wanda kowa ya sani, wato wasan sitiyari. Abin da muke kira wasa shi ne ka juya sitiyari ƙafafun gaba su yi kamar ba da su ake ba, sai ka ƙara juyawa sannan su amsa. Kowace mota tana da ɗan kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Ta Baba kuwa sai ka juya fiye da taƙi guda kafin ta san kana magana. An yi masa magana har an gaji, kullum ya ce shi da motarsa sun fahimci juna. 'Yan tasha suka yanke cewa rowa ce, ni ma na yarda da su. Ana nan sai aka kawo sabon jandarma a shingen hanyar Dungas. Ya sa yatsa ɗaya ya kaɗa sitiyarin, ya ga yana lilo, ya ce motar ba ta sake ɗaukar ɗan Adam sai an gyara. Aka roƙe shi, aka haɗa shi da manya, ya ce ko uwarsa ce ke da motar haka zai ce.

Kayan irin wannan mota sun daina zuwa Damagaram, sai dai a aika Yamai a zauna jira. Amma an ba mu labarin wani Malam Sale a Gumel, mai injin fiƙe ƙarfe, wanda in abu ya cinye yakan ƙera wani a madadinsa. Ana gobe tafiya Inna Hajo, matar Baba, ta aika a kira ni. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta ko bari na gama gaisuwa ba.

"Isuhu, ka raka babanka. Amma kada ka ce ni na sa ka."

Na ɗauka tausayin zaman banzana ta ji. Na je na ce wa Baba ina son in ga gari, ya dube ni ya ce ai dama yana bukatar mai turi.

Mun fita da safe, motar wayam, sai ni da shi da jarkar ruwa da ƙaramar tabarma. An gama girbi, hanya duk rairayi. Na daɗe ban zauna kusa da shi a gaban mota ba, saboda haka na yi ta kallon hannuwansa. Ba sa tsayawa ko kaɗan. Hagu, dama, hagu, dama, sitiyari na kai da komo a tsakaninsu, motar kuwa tana tafiya sambal kamar an ja mata zare. Na ce a raina wannan ita ce gwaninta, kuma har yau ban janye ba, gwaninta ce. Yana tuƙi yana ba ni tarihin kowane rami, wane ne ya faɗa cikinsa, a wace damina, da abin da ya ce da aka fito da shi.

A Dungas muka yada zango gidan yayarsa, Iya Gambo, tsohuwa mai kaifin baki wadda har yanzu take kiransa Habu Ƙarami. Ta dama mana fura. Tawa ta zo cike da ƙwarya, ruwa-ruwa, ga ludayi a kai. Ta Baba kuwa ko rabi ba ta kai ba, ga kauri kamar za a yi gini da ita, kuma ba ta ajiye masa a inda muke zaune ba, ta kai can cikin ɗaki ta ce ya shiga daga rana. Na ce Iya, ashe rowar ta gado ce, ɗan'uwanki guda ki ba shi ɗan wannan? Ta harare ni ta ce in sha tawa in bar mata gidanta yadda na same shi. Na yi dariya na shanye, ban sake tunanin abin ba.

Tsakanin Dungas da Dogo-Dogo rairayi ya riƙe mu. Na sauka na haƙa, na yanko karan gero na shimfiɗa, na yi turi har idona ya yi ja, motar ta ƙara nutsewa. Muna cikin haka sai ga wani Bafillace, Ja'e, yana jan wani rago mai taurin kai zai kai shi kasuwar Maigatari. Ya ɗaure ragon a jikin kalgo, ya kira wasu mutum biyu daga gona, muka haɗu muka fitar da ita. Ladansa ya ce a rage masa hanya. Baba ya ce an hana shi ɗaukar mutane, amma bai ji an ambaci rago ko Bafillace ba, saboda haka su shiga su biyu. Uwar Baba Babarbariya ce, kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, daga nan har iyaka ba wanda ya raga wa wani.

Ja'e ya zauna a bayanmu, ya leƙo kansa tsakaninmu, ya daɗe yana kallon yadda Baba ke juya sitiyari. Can sai ya ce shi fa tun yana yaro yake mamakin Hausawa, yaya za a ce mace tana tuƙi a bakin murhu, namiji kuma yana tuƙi a cikin mota, kalma ɗaya. Yau dai ya gane, ashe aikin ɗaya ne, muciya ce kawai aka lanƙwasa. Ya tambayi Baba ko tuwon ya kusa nuna. Baba ya ce wanda bai taɓa tuƙa kome ba sai wutsiyar saniya ya yi shiru manya na aiki. Na yi dariya har na buge kaina da ƙarfen ƙofa.

Rana ta yi nisa kafin mu kai Dogo-Dogo, sai muka kwana a zauren wani abokin Baba, mai sayar da kanwa. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka a akushi ɗaya. Baba ya ce cikinsa ba daɗi, mu ci, a rage masa nasa. Da na fita wanke hannu na dawo, sai na hango shi ya juya baya ga ƙofa yana ci shi kaɗai. Na ja da baya na ba shi lokaci. Abin ya ɗan sosa mini rai, don a da ni da shi a kwano ɗaya muke ci, har yakan turo mini nama.

Iyaka ba wani abu ba ce, rumfa ce a nan, rumfa a can, da fili a tsakani inda awaki ke kiwo ba su san ƙasar da suke ciki ba. 'Yan duwan namu sun san Baba, gaisuwa kawai aka yi. A ɗaya gefen, inda ake ce musu kwastan, wani dogo ya karɓi takardun mota, ya ga Faransanci, ya juya su gaba da baya, sannan ya maido yana gyaɗa kai kamar ya haddace. Rigimar a kan rago ta tashi, kaya ne ko fasinja. Ja'e ya ce ɗan'uwansa ne. Baba ya ce gaskiya ya faɗa, a dubi hancin. Dogon ya yi dariya ya ɗaga mana sanda. A bakin kasuwar Maigatari Ja'e ya sauka. Ya miƙa wa Baba hannu, sai na ga ya haɗa hannu biyu ya riƙe na Baba, ya daɗe bai saki ba, wasan nan duk ya bar fuskarsa. Ya ce Allah ya ba da sauƙi. Na yi mamaki, don ban san da marar lafiya a cikinmu ba. Baba ya zare hannunsa ya tayar da mota.

Masu tambayata yaya Najeriya take, ga abin da na gani. Mutanen mu ne, fuska ɗaya, gaisuwa ɗaya, rabinsu ma suna da kaka a Magariya ko Dungas. Sun koma tuƙi ta dama irin namu, amma motocinsu da yawa sitiyarin yana nan a inda Ingilishi ya bar shi, saboda haka in direba zai wuce wata mota sai na gefensa ya leƙa ya gaya masa ko hanya da kowa. Burodinsu laushi gare shi kamar matashin kai, ba irin namu mai yanka dasashi ba. Shayinsu kuma a babban kofi ake ba ka, fari fat da madara, ka sha ka ƙoshi kamar kunu. Na je neman esansi, mai sayarwa ya ce ba ya sayar da turare, sai da na nuna masa tanki ya ce au, fetur. Hausa ɗaya muke yi da su, amma da an zo kan mota sai kowa ya koma yaren Baturensa.

Haka aka yi da Malam Sale. Gajere ne, mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Baba ya ce rotil ne suka mutu, shi ya ce tayarod, suka yi ta ja, sai da suka durƙusa kowa ya nuna da yatsa aka ga abu ɗaya suke nufi, wato gaɓoɓin ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba. Ya sauke mu a zaurensa, matarsa ta aiko da tuwon dawa, ya ce ba ya taɓa mota sai ta huce ta kwana.

Da safe ya sa jak ya ɗaga gaban motar. Yadda yake aiki ya burge ni. Ba ya fara kwance kome. Sai ya sa ni in riƙa kaɗa sitiyari a hankali, shi kuma ya kwanta a ƙasa, ya rufe ido, yana ɗora tafin hannunsa a kan kowace gaɓa, tun daga akwatin sitiyari har zuwa ƙafa. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi bai bi ba, nan wasan yake. Ya ce mutane suna zuwa su ce a ɗaure musu notin da ke kan akwati kawai, alhali wasa ba ya zama wuri ɗaya, kowace gaɓa tana ba da nata kaɗan, su taru su zama taƙi. Kuma in ka matse notin nan fiye da kima, sitiyari zai ƙage, ka sha kwana ya ƙi dawowa, gara ma wasan. Ya sami gaɓoɓi biyu da suka cinye, ya sake su da waɗanda ya ciro daga wata matacciyar mota. Ya fiƙe sabon zoben tagulla a injinsa ya sa a inda tsohon ya zama kamar takarda. Ya wanke akwatin, ya cika shi da mai. Duk wannan Baba yana zaune a inuwa, hannuwansa cikin riga, ba ya cewa uffan. Mutumin da in ana taɓa motarsa ba ya barin makaniki ya numfasa.

Sai washegari aka zo kan notin. Malam Sale ya matsa kaɗan, ya gwada, ya ƙara kaɗan, ya gwada. Sannan ya ce mai mota ya hau ya riƙe sitiyari daidai tsakiya, zai duba ko ƙafafun sun miƙe. Baba ya ce in hau. Malam Sale ya ce a'a, mai ita. Baba ya tashi ya hau. Ni ina tsugune kusa da ƙafar gaba, Malam Sale na kwance, hannunsa a kan sandar ƙarfen da ke juya ƙafafu.

"Riƙe kawai, Malam Habu. Kada ka motsa."

"Ban motsa ba."

Na dubi tayar da ke gabana. Tana rataye a sama, tana karkarwa, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa. Malam Sale ya sake cewa a riƙe, Baba ya sake cewa ya riƙe, muryarsa ta sauya. Malam Sale ya leƙo daga ƙarƙashin motar. Can ya ce Isuhu, karɓe shi, ya sauko ya ga wani abu. Na hau na riƙe. Malam Sale ya ce mini daga baya ƙarfen ya tsaya cak a hannunsa kamar an binne shi.

A kan kujerar nan kome ya dawo mini, furar Iya Gambo mai kauri, tuwon da aka ci an juya baya, addu'ar Ja'e, da saƙon Inna Hajo. Hannuwan Baba rawa suke yi. Wasan sitiyarin ne ke shanye rawar kafin ta kai ƙafafu, kaɗawar nan kuma ta hagu da dama ita ke ɓoye ta daga idon fasinja. Kowa ya gani, har baƙon da ya zauna da mu yini ɗaya, sai ni da na tashi a gabansa. Tausayi ya kama ni, da wani abu mai kama da tsoro, don ban taɓa tunanin Baba zai tsufa ba.

Malam Sale mutumin kirki ne. Bai ambaci hannu ba ko sau ɗaya. Ya goge mai a tsumma, ya tsuguna kusa da Baba, ya ce masa wasa iri-iri ne. Ƙa'ida yatsa biyu. Amma akwai masu son huɗu, kuma huɗu zai iya wuce jandarma in bai cika bincike ba. Mai mota ne ke zaɓa. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Na so ya ce huɗu, wallahi na so, don na san abin da biyu ke nufi, kuma na san abin da za a ce a tasha game da ni, mai zaman benci da ya raka tsoho ya dawo da motarsa.

"Da huɗun, in yaro ya ɓullo daga bayan jaki, tana kaucewa a kan lokaci?" in ji Baba.

Malam Sale ya ce ba kamar biyu ba.

"To ɗaure ta biyu."

Baba ne ya ja mu daga Gumel. Hanyar can burji ce mai tauri, ba rairayin da zai rufa asiri. Motar ta zama sabuwa, ko tari ka yi sai ta ji, kuma tana jin Baba. Tana tafiya tana ɗan girgiza kai kamar dokin da ƙuda ya dama. Ya rage gudu, ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, abin ya ƙaru. Ya sassauta, bai ragu ba. Gumi ya jiƙa masa hula. Na kafa idona a hanya. A haka muka wuce Maigatari, muka wuce rumfunan nan biyu. Da muka shiga ƙasarmu ya sami wani gawo a gefen hanya ya tsaya, ya kashe mota.

Ya ce tun shekarar fari abin ya fara, daga ɗan yatsa ɗaya. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, ya je likita a Damagaram a ɓoye, aka ce tsufa ne. Ya ce ya san ana kiransa marowaci, kuma ya ga gara wannan sunan da ɗayan. Kullum in ya sauke mutane lafiya sai ya ce wannan ce ta ƙarshe, kasuwa ta zagayo kuma ya sake ɗauka. Sannan ya ɗaga hannuwan biyu a gabana, a fili, karo na farko. Muka dube su tare.

Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagayo ta gaban motar yana shafa ta, ya tsaya a ƙofata. Na matsa kujerar direba.

A Dungas Iya Gambo ta fito ta ga wanda ke kan sitiyari. Ta kama kan Baba ta sa masa albarka kamar yaro. Da muka hango rumbunan Magariya na tsaya. Na ce Baba, mu sauya, ka shiga da ita gari da hannunka, daga nan zuwa gida ba nisa, ba wanda zai lura. Daga baya ka ce idonka ne, ko ka ce ka gaji, ka ba ni a hankali.

"Isuhu, in na shiga da ita yau, gobe za su cika ta da mata da yara su ce in ja. Kuma zan ja, na san halina. Bi ta tasha, kada ka bi ta baya."

Na bi ta tasha, rana tsaka, kowa na zaune. Kun gan mu, ba sai na faɗa ba. Ya fito da hannunsa ta taga yana amsa gaisuwarku.

Inna Hajo tana tsaye a ƙofar gida. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce sannunku da tahiya, ta koma ciki. Maƙwabta suka taru a zaure ana barka da zuwa. Ta aiko da ruwa, nawa cike, na Baba rabi, a ce masa ya shigo ciki ya sha. Baba ya mayar da kwanon, ya ce a ciko shi. Aka kawo shi cike har baki. Ya karɓa da hannu biyu a gaban kowa, ruwan ya zuba a gemunsa, ya zuba a gaban rigarsa, ya ɗiga a tabarma. Bai tsaya ba sai da ya shanye abin da ya rage.